Zuwa ga makanikan babura: kafin a kwance sabon mashin

Zuwa ga iyayen gida da yaransu masu gyaran babura a Dutsin-Ma, Kurfi, Ɗantutture da ƙauyukan kewaye.

Wanda ya san hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san babur ne ƙafar jama'a. Shi ke kai ɗalibai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, shi ke ɗauko tumatir da buhunan masara daga gonakin wajen dam ɗin Zobe. Tun 2023, da aka cire tallafin man fetur kuma darajar Naira ta zube, sabon mashin ya zama dukiyar da sai an sayar da sa ko an ci bashi kafin a mallake ta.

Duk da haka, leda ba ta gama fita daga kujera ba mai sabon Boxer ko TVS zai gangaro gareji. Wani yana so a ƙara wa mashin wuta, wani kuma, musamman ɗan acaba mai biyan balas, yana so a matse kafireta ya rage shan mai. Bakanike ya iya duka biyun. Abin da ba kasafai yake yi ba shi ne ya tambaya ko akwai takardar garanti a kan mashin ɗin, kuma wannan tambayar ce dalilin wasiƙar nan.

Garanti alkawari ne kamfani ya yi cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira, cikin wa'adi ko adadin kilomita da aka rubuta, zai gyara ko ya canza kyauta. Alkawarin yana da sharaɗi: a yi sabis a lokacin da littafin mashin ya faɗa, a sa irin baƙin man da aka ce, kada a sauya tsarin injin. Manyan dilloli, irin su Simba da ke kawo TVS Najeriya, suna da ma'aikatan da ke buɗe injin su duba kafin su amince da ƙorafi, kuma ƙarfe ba ya ɓoye abin da aka yi masa.

In an matse mai fiye da kima, iska ta rinjayi fetur, injin ya riƙa ɗaukar zafi har bawul ya ƙone ko kan fistin ya ci wuta. Farin fulogi kaɗai ya isa shaida. In an cire soson da ke tace iska don mashin ya yi numfashi, ƙurar hunturu za ta shige kai tsaye ta cinye ringi da bulo, kafin damina hayaƙi ya fara fita. Haka huda salansa don ƙara: yana canza yadda injin ke fitar da hayaƙi, ya bar kafireta a saitin da bai dace ba. Samari na son wannan rugugin, amma a kunnen mai wasiƙar nan babu abin da yake ƙarawa sai tayar da jarirai daga barci.

Sai kuma waya. Ana yanke ta a jona ƙarin fitilu, ƙaton hon da wurin cajin wayar hannu, koyil ko batir ya mutu, a ce kamfani ya yi algus. Ana yi wa kariya walda a tsawaita ta, a ƙara shokoziba, a lafta buhu uku, sannan a yi mamakin tsagewar firam.

Gaskiya ne ba kowane canji ke kashe garanti gaba ɗaya ba, kuma bai kamata dila ya fake da sitika ko sabon madubi ya ƙi gyara giyar da ta zo da lahani ba. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani tilasta wa mai saye amfani da kayan gyaransa kaɗai, kuma a 2022 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta sa kamfanin babura na Harley-Davidson ya gyara sharuɗɗan garantinsa a kan haka. A nan gida akwai dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, waɗanda suka ba mai saye haƙƙin samun kaya marar lahani. Sai dai mutumin da aka riga aka yi wa bulonsa bori zai sha wuya kafin ya nuna lahanin daga masana'anta ya taho.

Da yawa daga mashinan yankin nan a kwali ake sayo su daga Kano ko Katsina, bakanike ne ke haɗa su, wani lokaci rasit kaɗai ke hannun mai shi. To a nan nauyin ya ƙaru a wuyan ogan gareji, domin shi ne mutum na farko da zai iya cewa a koma wurin dila a karɓo littafi da katin garanti, a duba lambar injin da ta firam sun yi daidai da abin da aka rubuta.

Abin da ake roƙo bai da yawa. Idan sabon mashin ya zo da ƙara a injin ko yoyon mai, kada yaro ya yi saurin sa sifana. A tura mai shi wurin da ya saya tukuna, ko da kuɗin aikin ranar zai wuce. Idan ya nace sai an ƙara wuta, a faɗa masa ƙarara, a gaban wani, cewa daga ranar kamfani na iya zare hannunsa daga injin. Kayan asali da aka cire, jet ne ko salansa, a ƙulla masa a leda ya tafi da abinsa. Kowane sabis kuma a rubuta kwanan wata, kilomita da sunan baƙin man da aka zuba, ko a bayan littafin mashin ne, ogan gareji ya sa hannu.