Tsohuwar motar soja: a fara gyara birki kafin giya

Tsohuwar motar soja da aka saya a gwanjo ba ta tsoron yashi ko burji, shi ya sa take da farin jini wajen dakon hatsi daga ƙauyukan Yankwashi da Gwiwa zuwa Kazaure. Matsalar tana wajen gyara. Mai mota zai je Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo giya mai ƙarfi don motar ta ƙara gudu, amma birki da sitiyari sai ya ce wa bakanike a bari sai an samu kuɗi.

Wannan ganganci ne. Idan gudun mota ya ninka biyu, nisan da take buƙata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Tsohon birki kuma, in ya yi zafi a gangara irin ta duwatsun Roni, sai ya daina kamawa. Sitiyarin da ke wasa ba zai kauce wa saniyar da ta faɗo hanya ba, ga fasinjoji zaune a kan buhuna.

Ya kamata jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa gwada birkin waɗannan motoci ranar kasuwa, kafin a yi lodi.