Jemagun Las Vegas da tramol ɗin maimai

Akwai fim ɗin da in aka sa shi a gidan bidiyo na Agye ko na Gazawa, kafin a yi rabin awa ƴan kallo za su fara neman a mayar musu da kuɗinsu. Babu faɗan ƴan Cana a cikinsa, babu rawar Indiya, babu jarumin da zai ƙwato budurwa daga hannun mugu. Mutum biyu ne cikin jar mota mai buɗaɗɗen kai, suna tsala gudu a hamadar Amurka, ɗayansu yana ta kai wa iska duka da abin kashe ƙuda, wai yana korar jemagu, alhali babu mai ganin jemagun sai shi. Sunan fim ɗin Fear and Loathing in Las Vegas, Faransawa kuma suka raɗa masa Las Vegas Parano. Terry Gilliam ne ya shirya shi, ya fito a 1998. Ko da yake ba abincin ƴan kallon karkara ba ne, ya ta da wata tambaya da ta shafi kowane gida daga Cadawa har Tsibiri: in aka ga ɗan ƙwaya yana tangaɗi aka fashe da dariya, wa ake yi wa dariyar, wa kuma ke biyan kuɗinta?

Asalin labarin littafi ne na wani ɗan jarida, Hunter S. Thompson. A watan Maris na 1971 wata mujallar wasanni ta aike shi Las Vegas, birnin caca na hamadar Nebada, ya rubuto kalmomi 250 a kan tseren babura da ake kira Mint 400. Ya tafi da abokinsa Oscar Zeta Acosta, lauya mai kare Amurkawa ƴan asalin Meziko. Dalilin tafiyar tasu tare ba na wasa ba ne: suna neman wurin da za su yi magana babu kunnen kowa a kan kisan wani ɗan jarida, Ruben Salazar, wanda wani jami'in tsaro ya harbe da gwangwanin barkonon tsohuwa a Los Angeles a 1970. Thompson ya aika wa mujallar kalmomi 2,500, ta yi watsi da su. Daga wannan abin da aka ƙi ne littafin ya tsiro. Mujallar Rolling Stone ta buga shi kashi biyu a Nuwamban 1971, ya fito a matsayin littafi a 1972. Ya sauya wa kansa suna zuwa Raoul Duke, lauyan kuma ya zama Dokta Gonzo, ya cika but ɗin motarsu da wiwi da hodar iblis da LSD da giya da wasu tarkacen da ko sunansu bai iso kasuwannin Maraɗi ba.

Shekarar tana da muhimmanci. Yaƙin Biyetnam bai ƙare ba, a watan Yunin 1971 kuma shugaba Nixon ya ayyana shan ƙwaya a matsayin babban abokin gaban Amurka. Samarin da shekaru biyar kafin nan suka yi zaton ƙwaya da kiɗa da zanga-zanga za su sauya duniya sun wayi gari duniya tana nan yadda take, su ne suka lalace. Thompson yana cikinsu, littafin kuwa zaman makokinsu ne da aka yi da shewa.

Gilliam, wanda ya yi suna cikin ƴan barkwancin Ingila na Monty Python, ya ƙudura cewa mai kallo ma sai ya bugu. Ya karkata na'urar ɗaukar hoto har ɗaki ya zama kamar kwalekwale a kan ruwa. Zanen dardumar otal ya fara rarrafe yana hawa ƙafafun mutane, masu shan giya suka rikiɗe suka zama manyan ƙadangaru. Johnny Depp, wanda ya fito a Duke, sai da ya tare a gidan Thompson yana koyon tafiyarsa da maganarsa. Benicio del Toro kuma ya ƙara wajen kilo 18 domin ya yi tumbin lauya. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na 1998, masu sharhi da yawa suka kushe shi. An kashe masa dalar Amurka wajen miliyan 18 da rabi, bai maido ko miliyan 11 ba a gidajen silima na Amurka. Sai daga baya, ta hanyar kaset da faifai, ya sami mabiya, galibinsu ɗalibai, waɗanda suka manna hoton Duke a bango da hularsa da tabarau. Da yawansu sun riƙe jemagun, sun manta makokin.

Wurin da ya fi ban dariya shi ne inda aka tura su biyun, a buge, su halarci babban taron masu gabatar da ƙara da ƴan sanda a kan miyagun ƙwayoyi. Taron gaskiya ne, an yi shi a Las Vegas a Afrilun 1971. Ga ƙwararre a kan mumbari yana bayanin yadda ake gane ɗan ƙwaya, ga manyan ƴan ƙwaya biyu zaune a tsakiyar jami'ai da takardar shaida a ƙirji, babu wanda ya gane su. Duk wanda ya taɓa ganin taron faɗakarwa da aka yi a babban otal, da harshen Faransanci, aka raba jakunkuna da kuɗin zama, alhali mai sayar da ƙwayar yana zaune da tirensa a bakin tasha, ya san wannan dariyar.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar abin da ke nuna wa mutum jemagu ba ce. Zaƙami yana tsirowa a juji da bayan gari, kuma ba banza aka yi masa laƙabi da haukata-yaro ba: wanda ya sha shi bakinsa ya bushe, idonsa ya buɗe, ya yi ta hira da mutanen da ba su nan, wani ma daga nan sai kabari. Amma ba zaƙami ne ya cinye samarin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba. Tramol ne, shi kuwa ba ya nuna wa kowa ƙadangaru.

Tramadol, sunansa na likita ke nan, maganin ciwo ne na gaskiya. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. Dangin ofiyom ne. Likita yana ba da miligiram 50 ko 100, ba a kuma wuce 400 a yini. Wanda ya cika Afirka ta Yamma daga Indiya ya riƙa fitowa, ƙwaya ɗaya mai 200, mai 225, har mai 250. Yana sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome da Ikko, ya hau manyan motoci, ya ƙarasa a kan babura ta hanyoyin daji da ba su bi ta gaban duwan. Babban titin da ya tashi daga Yamai ya nufi Damagaram ya ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Agye da Gazawa, iyakar Najeriya kuwa tana kudu, tafiyar ɗan lokaci a kan babur. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ce a 2016 kashi 87 cikin 100 na irin waɗannan magungunan da aka kama a duniya, a yammaci da tsakiya da arewacin Afirka aka kama su.

A nan ne labarin biyu suka rabu. Duke da lauyansa suna sha ne domin su tsere wa duniya, mujalla ce ta kama musu ɗaki, in bashin otal ya taru su sulale ta bayan gida. Saurayin Gangara ko na Cadakori yana sha ne domin ya shiga aiki. Ruwa ya sauka, haki ya taso wa hatsi, ga gandun gida, ga gamanarsa, ga barema da zai yi a gonar wani domin ya samo tiyar da za a ci da dare, duk cikin kwanakin da rumbu ya riga ya zama fanko. Ƙwaya ɗaya a cikin shayi ko kofi da sassafe, sai ciwon baya ya tafi, yunwa ta kwanta, ya yi noman mutum biyu. Haka ɗan kabu-kabu, haka ɗan ga-ruwa, haka mai dako a kasuwa, haka mai tonon aya da kaka. Wanda ya tafi ci-rani Kano ko Ikko sau da yawa can ya koyo, ya dawo ya koya wa ƴan fadarsu. Mai gona da ke ɗaukar ƴan barema ya san abin da ke cikin shayin, ba ya kuwa tambaya, tunda maimai ya ƙare da wuri.

Jiki kuwa ba ya yafe bashi. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu. Ranar da ba a samu ba sai gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da baƙin rai, mutum ya kasa ɗaga hauyar da a da yake ɗagawa ba tare da komai ba. In kuma aka zarce, tramol yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Wanda ta kama a gona ya ci sa'a. Wanda ta kama a kan babur da fasinja a baya, ko a bakin rijiya, sai dai a ce kwana ya ƙare. A gida kuma sau da yawa iska ake zargi, a kai shi wurin mai magani a yi ta turare, ƙwayar tana cikin aljihun wandonsa.

In baƙar dariya ake nema, tramol ya tanadi wadda ta fi ta Gilliam. A Satumban 2017 an kama ƙwaya fiye da miliyan 3 a Nijar, an shirya su tsaf cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafin nan, a 2013, wasu masana na Faransa sun yi shelar cewa sun gano tramadol a cikin saiwar tafashiya da aka tono a arewacin Kamaru, wato itace yana haɗa abin da Bajamushe ya sha wahalar haɗawa. Aka yi ta murna. A 2014 wasu masana na Jamus suka bi sawu, suka tarar manoman yankin suna sha, suna kuma ɗura wa shanun huɗa domin kada su gaji. Fitsarin mutane da na shanu ne ya jiƙe ƙasa har saiwa ta tsotsa. Itacen ma ɗan ƙwaya aka mai da shi.

Hukuma ba ta kwanta ba. Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, tana da ofishin OCRTIS, jandarma da duwan suna kamawa, ana tarawa a cinna wuta gaban manyan baƙi. A 2018 Indiya ta sa tramadol cikin magungunan da doka ta tsaurara, a shekarar kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Tramol ya yi tsada. Sai ƴan kasuwa suka sake lale: a Fabrairun 2025 wani binciken na BBC ya nuna wani kamfani a Mumbai yana haɗa tapentadol, wanda ya fi tramol ƙarfi, da wani maganin sake jijiya, yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Indiya ta haramta haɗin bayan fallasar. Gajiyar da ke sa a saya kuwa babu dokar da ta taɓa ta.

Sai a dawo kan dariya. Ɗan ƙwaya tsohon ɗan wasa ne a fina-finan Hausa da wasannin daɓe na ƴan lakwal: hula a karkace, murya a shaƙe, ido rabi a rufe, yana jan magana kamar danƙo. Yara suna kwaikwayonsa a tsakar gida, manya suna ƙyaƙyatawa. A ƙarshe ko ya tuba a hannun malami ko a ɗaure shi, a tashi kowa ya gamsu. Illar wannan siffa ita ce ta koya wa iyaye neman ɗan ƙwaya a inda ba ya nan. Mai shan tramol na Agye ba ya tangaɗi. Shi ne yaron da ake yabo, wanda ya riga kowa fita gona, ya fi kowa daɗewa. Kafin ya yi kama da na cikin fim, an makara da shekara biyu ko uku. A Gidan Rumji kuwa, inda dubban ƴan gudun hijira suka kwararo a 2019 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna tsere wa ƴan bindiga, ba kowa ne ke da sauran dariya ga saurayin da ƙwaya ta cire wa tsoro da tausayi ba.

Abin da ya fifita fim ɗin Gilliam a kan masu kwaikwayonsa shi ne ya san inda zai yanke dariyar. Tun a tsakiya an ga lauyan ya ɗura wa wata yarinya LSD, su biyun suka yi ta dabarar yadda za su yar da ita kafin ta farfaɗo ta kai ƙara. An ga sun firgita mai sharar ɗaki, suka yi mata ƙaryar su ƴan sanda ne. Dab da ƙarshe suka shiga wani ɗan gidan abinci a bayan gari cikin dare. Babu ƙadangare, babu launi mai rawa, na'urar ma ta daina karkata. Gonzo ya miƙa wa matar da ke kawo abinci takarda mai maganar banza, ta fusata, ya zaro wuƙa, ya tsinke wayar tarho, ya sayi abin da yake so ya fita. Matar ta tsaya tana kyarma. Duke, wanda mai kallo ya yi awa ɗaya da rabi yana dariya tare da shi, bai ce uffan ba. Ya tashi ya bi abokinsa.

Acosta ya ɓace a Meziko a 1974, ba a sake ganinsa ba. Thompson ya harbe kansa a gidansa na Kolorado a Fabrairun 2005 yana da shekara 67. Bayan wata shida aka harba tokarsa sama da igwa kamar yadda ya yi wasiyya, Johnny Depp ne ya biya kuɗin bikin. Matar gidan abincin kuwa, Ellen Barkin ce ta fito a matsayinta, kuma a jerin sunayen da ke hawa a ƙarshen fim ba a ba ta suna ba, sai dai aka rubuta aikinta da sunan wurin da take yi.