Filin Lafiyar Iyali: Ƙwayar Cutar da ke Kwance Cikin Laka

A wannan fitowa za mu duba wata cuta da ba a faye jin sunanta ba, wadda likitoci ke kira mélioïdose da Faransanci. Ƙwayar da ke haddasa ta, Burkholderia pseudomallei, tana rayuwa ne cikin laka da ruwan kwance na ƙasashe masu zafi. Alfred Whitmore da C. S. Krishnaswami ne suka gano ta a birnin Rangun na ƙasar Bama a 1911. An fi saninta a arewa maso gabashin Tailan da arewacin Ostareliya, amma mu ma ba ta yi mana nisa ba, domin a 1973 an ba da rahoton samunta jikin aladu a mayankar Yamai. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa tana kama mutum 165,000 a duniya kowace shekara, 89,000 daga cikinsu su rasu.

Hanyoyin shigarta jiki uku ne: ta rauni ko faso a ƙafa, ta shaƙar ƙura da feshin ruwa lokacin hadari, da kuma shan gurɓataccen ruwa. Da ta shiga, fararen ƙwayoyin jini, masu gadin jiki, sukan haɗiye ta su kulle cikin wata 'yar jaka don su narkar da ita. To, a nan hatsarinta yake. Tana da wata kafa mai kama da allura da take tsarta sinadarai da ita, ta huda jakar ta fito, ta hayayyafa cikin ƙwayar da ta haɗiye ta. Sannan ta tattara zaruruwan cikin ƙwayar ta yi wutsiya da su, tana tura kanta gaba. Daga bisani ta manne ƙwayoyin jiki maƙwabta su zama ƙatuwar ƙwaya guda, ta riƙa ratsawa daga wannan zuwa waccan ba tare da ta fito fili inda garkuwar jiki za ta riske ta ba.

Sakamakon haka shi ne ƙuraje masu mugunya a huhu, hanta, saifa ko fata, wani lokaci kuma ta bazu cikin jini ta kashe mutum a 'yan kwanaki. Alamu sukan bayyana tsakanin kwana 1 zuwa 21. Idan ta daɗe a huhu takan yi kama da tarin fuka, har a ɗora majinyaci kan maganin da ba nata ba. Kusan rabin masu kamuwa suna da ciwon sukari, saboda fararen ƙwayoyin jininsu ba su da cikakken ƙarfi. Masu ciwon ƙoda ma suna cikin hatsari.

Penisilin da jantamaisin ba sa yi mata komai. Maganinta allurar ceftazidime ce ko meropenem ta jijiya, aƙalla kwana 10 zuwa 14, sannan a sha cotrimoxazole wata 3 zuwa 6. Wanda ya yanke shan magani don ya ji sauƙi, cutar na iya dawo masa.

Don haka mai ciwon sukari da ke noman shinkafa ko aikin fadama ya sa takalmin roba mai tsawo, ya wanke rauni da sabulu ya ɗaure, a kuma tafasa ruwan sha da damina. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a koma asibiti, a faɗa wa likita irin aikin da majinyaci ke yi. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai fitowa ta gaba.