Karen Garke Da Ƙwayar Aljihu

Jama'a, a wannan sana'a tamu ta shanu akwai ma'aikaci guda da ba ya cikin lissafin kowa. Dillali yana da la'adarsa, masu kora suna da kuɗin ƙafarsu, mai mota yana da nasa, 'yan shingen hanya kuwa ba sai an faɗa ba. Amma karen da ya biyo garke tun daga Sido ko Bambari har kasuwar Bubuwi, kilomita 45 daga Bangi, shi da ba ya runtsawa idan masu kora sun kwanta, shi da yake fara jin motsin kura ko na ɓarawo, ladansa ɗan ƙanzo ne da ruwan kududdufi. Ran da ya soma ɗingishi, ko dai a bar shi a zango, ko wani mai tausayi ya laluba aljihu ya jefa masa ƙwaya. To, wannan ƙwayar ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin sau da yawa ita ce ajalinsa, ba ɗingishin ba.

Mun san wani a nan Kilomita Biyar zai ce, a jaridar fataken shanu har an rasa abin faɗi sai kare? Wanda ya yi karatun Risala ya san an yarda a riƙe kare don tsaron dabbobi da gona da farautar neman abinci, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa, yaran Islamiyya ma sun san shi. Wanda ya sa dabba aiki, haƙƙinta ya hau kansa. Wannan ya isa.

Matsalar kare ita ce ɓoye ciwo. Mu da muke kallon sa daga nesa mu gane ya kwana da zazzaɓi, daga yadda gashinsa ya tashi da yadda ya daina tuƙa, ba mu saba yi wa kare irin wannan kallo ba. Alhali alamun a fili suke. Karen da kullum yake gaban garke, yau ya koma baya. Ya ƙi abinci. Yana haki da sanyin asuba ba tare da ya yi gudu ba. Ya maƙale wutsiya, ya gantsare baya, ya kwanta ya tashi ya sake kwanciya, ya rasa inda zai sa kansa. Ya nace wa wuri guda da lasa. Kare mai sanyin hali ya soma yi wa mai shi gurnani idan an taɓa wani sashe na jikinsa. Ba sai ya yi kuka ba. Mai kuka ma shi ne mai sauƙi, tunda ya faɗi da bakinsa.

Mafi yawan ciwon karen hanya a ƙafa yake. Saniya tana da kofato, shi kuwa tafin ƙafarsa fata ce, ga tsakuwar jar ƙasa, ga kwalta da rana tsaka a hanyar Buwali. Kafin ka taɓa shi ka ɗaure masa baki da tsumma, don ciwo yana sa kare ya ciji ubangidansa. Ka buɗe tsakanin yatsun, nan ƙaya take maƙalewa, nan kaska take ɓuya. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali guda, a bari ya huce, a wanke wurin sosai. Sa'an nan a shafa zuma, a naɗe da tsumma mai tsabta don kada ya lashe, a canja kullum. Zuma ba camfi ba ce, likitoci ma suna sa ta a gyambo domin tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sai dai a nemi ta gaskiya, ba wadda aka dafa da sukari ba. Tafin da ya tsage a shafa masa man kaɗe. Kumburin da aka samu daga harbin saniya a ɗora masa tsumma mai ruwan sanyi a ranar farko, bayan kwana biyu a koma gashi da ruwan ɗumi. Babban maganin dai hutu ne, kuma shi ne wanda ba mu son bayarwa, saboda garke ba ya jira. Idan shanun za su hau mota, a sama masa wuri. Idan ƙasa za a bi, a bar shi hannun mai masauki a ba da na abincinsa, ba a sake shi a daji ba.

Akwai wani abu da 'yan'uwanmu masu saukowa daga Cadi ba su saba gani ba. A ƙasar damshi irin tamu wani ƙuda yana yin ƙwai a ƙasa inda kare yake kwanciya, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Kare ya yi ta lasa, ya hana kansa barci. Ba a tsaga shi da wuƙa. A toshe ramin da man kaɗe, tsutsar za ta rasa iska ta leƙo, a matse ta a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke da ruwan gishiri. Ruwan ganyen dogon yaro da aka dafa yana rage ƙuma da ƙaiƙayi idan an yi masa wanka da shi, amma kada a ɗauka zai kashe kaskar da ta riga ta cika kunne. Wannan sai a zauna a cire da hannu.

Ku lura, duk abin da muka lissafa a bayan fata yake tsayawa. Ra'ayinmu ke nan: maganin gida na waje ne. Abin da zai shiga bakin kare ko a soka masa da allura, a tambayi malamin dabbobi tukuna.

Ga dalili. Ƙwayar farasitamol guda, mai lamba 500, an auna ta ne don babban mutum mai kilo 60 ko 70, karen garke kuwa da ƙyar ya wuce kilo 20, kuma idan ta yi masa yawa hanta take kamawa. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda masu kora suke sha don ciwon jiki, sun fi muni: suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda, sai a ga yana amai da baƙin kashi, a ce sammu ne. Na gargajiyar ma ba duka ke da lafiya ba. Tafarnuwa da albasa suna farfasa jinin kare idan suka yi yawa. Goro yana sa zuciyarsa bugu har ya kai ga farfaɗiya. Baƙin man mota da ake shafa wa mai ƙazwa guba ne, tunda lashewa zai yi.

Wanda ya fi shafarmu shi ne maganin shanu, domin yana cikin jakar kowane ɗayanmu, balle tun bayan rikicin 2013 da malaman dabbobi suka yi ƙaranci a daji, kowa ya zama likitan garkensa. Kare ma yana kamuwa da sammore idan ƙudan tsando ya cije shi: ya rame, dasashinsa ya yi fari, wani lokaci idonsa ya yi hazo. Sai mutum ya ce ai ga Berenil, ya ɗibi abin da ya saba yi wa maraƙi. A jikin kare tazarar da ke tsakanin magani da guba a wannan allura 'yar kaɗan ce. Idan ta zarce, ko aka maimaita ta kusa-kusa, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kare ya yi ta tangaɗi ya sanƙare ya mutu. Haka ruwan wankan kaska da aka haɗa da ƙarfin shanu. Wannan aiki ne na wanda zai auna nauyin karen ya yi lissafi.

Sai ciwon da ba a yi masa tausayi da hannu. Idan ka ga kare baki a sake, yawu yana dalala, yana yi kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro, kada ka zura hannu. Haukan kare ba kullum yake zuwa da gudu da cizo ba, yana zuwa da shiru da shanyewar muƙamuƙi. Saniyar da mahaukacin kare ya ciza ma haka take yi bayan 'yan makonni, ta yi ta kuka da dalala kamar ta shaƙe, mai ita ya sa hannu a bakinta neman abin da ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ne wannan cuta take kashewa a shekara, kusan duk ta hanyar kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, babu saiwa, babu rubutu, babu asibitin da zai mai da shi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, ya nufi wurin allura a ranar. Mu nan Bangi muna da Cibiyar Pasteur tun 1961, kuma ana yin wannan allurar a can. Karen da ya yi cizon, in an iya, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, kada a sayar, kada a kore shi ya tafi wata unguwa.

Abin mamaki, shanunmu ba sa ƙetare Beloko zuwa Garwa-Bulai sai da takardar lafiya da hatimi, amma karen da yake kwana a tsakiyarsu, wanda cizonsa guda zai iya kashe sa mafi tsada a garken, babu mai tambayar ko an taɓa yi masa rigakafi.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiya su zauna da hukumar ANDE da ƙungiyar makiyaya ta FNEC, a sa rana a Bubuwi da za a riƙa yi wa karnukan garke allurar hauka, a ba mai kare 'yar takarda ya haɗa da ta shanunsa. 28 ga Satumba ita ce ranar da duniya ta ware don wannan cuta, ana iya farawa daga nan. Kuma duk mai gidan da zai sallami masu kora, bayan gero da sukari da shayi, ya ƙara musu kwalbar zuma, da ƙullin gishiri, da man kaɗe, da sabulu guda, ya gaya musu da bakinsa cewa ƙwayar aljihunsu tasu ce su kaɗai.