Harsashi mai alamar +P: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa

Duk wanda ya juya gindin harsashin ƙaramar bindiga zai ga ƴan haruffa da lambobi an buga a kai. Wani lokaci, a gefen lambar da ke nuna girman harsashin, akwai wata alama: +P. Ma'anarta ita ce an ɗura wa harsashin albarushi ta yadda matsinsa ya zarce na ƙa'ida. Masu sayarwa na kiransa harsashi mai ƙarfi, masu saye kuma na jin daɗin kalmar. Mu dai muna ganin akwai tambayar da ta riga wannan: bindigar da za a saka shi ciki, wa ya tabbatar za ta ɗauka?

Alamar daga Amurka ta fito. Ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ta ƙasar, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke yanka wa kowane harsashi iyakar matsi. Na milimita 9, wanda galibin sojoji da ƴan sandan duniya ke riƙewa, iyakarsa wajen bar 2400 ce. Mai alamar +P kuwa an yarje masa ya kai wajen bar 2650, wato ƙarin kashi 10 cikin 100. Don mai karatu ya auna, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da rabi ba. Ke nan matsin da ya ninka na taya sau dubu ne ke tashi cikin wani ɗan ƙarfe da mutum ya damƙe a tafin hannunsa, kusa da idonsa.

Masu goyon bayan irin wannan harsashi suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Yana fita da ƙarin gudu, abin da ke da amfani ga bindiga mai gajeren bututu. Bindigar zamani da kamfaninta ya rubuta cewa tana ɗaukarsa ba za ta fashe don an harba shi ba. Sai dai ribar kaɗan ce, kuma ana biyan ta: bindiga ta fi dukan hannu, saiti na biyu ya fi wuya, ƙarafan ciki sun fi saurin lalacewa. Tsohuwar bindiga kuwa maganarta daban. Kamfanin Smith & Wesson da kansa ya yi gargaɗin kada a saka +P cikin matsakaitan bindigoginsa masu juyawa da aka ƙera kafin 1958. Akwai kuma wata alamar, +P+, wadda SAAMI ba ta yanka mata iyaka ko ɗaya ba. Wanda ya saye ta ya sayi alkawarin ɗan kasuwa ne kawai.

Ko manyan rundunoni ba su tsira ba. A 1985 sojan Amurka suka zaɓi Beretta 92, suka sa mata suna M9. Tsakanin 1987 da 1988 ƙarfen sama na wasu daga cikinsu, wanda ke ja da baya in an harba, ya karye ya bugi masu harbin a fuska. Kamfanin ya ɗora laifin ga harsasan da matsinsu ya wuce kima, binciken sojan kuma ya nuna raunin ƙarfen. A ƙarshe sai da aka sake fasalin bindigar don ko ƙarfen ya karye kada ya isa fuska. In har ƙasa mai ɗakunan gwaji da injiniyoyi ta yi ta gardama kan ko harsashi ne ko ƙarfe, ina ga wanda ba shi da abin gwaji sai sa'a?

Turai ta bi wata hanya. Tun 1914 ƙasashe irin su Faransa da Beljiyam suka haɗu kan tsarin da ake kira CIP. A can doka ce: kafin a sayar wa farar hula ƙaramar bindiga, sai an kai ta gidan gwaji, kamar na Liyej ko na Sant-Etiyen, an harba mata harsashin da matsinsa ya zarce iyaka da kashi 30 cikin 100, sannan a buga mata hatimi. Amincin bindiga a can abu ne da hukuma ta shaida.

A nan ne maganar ta shafe mu. Tun faɗuwar gwamnatin Kaddafi a 2011 makamai da harsasai suka malalo yankin Sahel, da yawa ba kwali, ba takarda, ba wanda ya san shekarunsu ko irin ranar da suka sha. A gefe guda kuma ga bindigogi ƙirar maƙera, waɗanda ba su taɓa ganin gidan gwaji ba. Haɗa harsashin da ba a san matsinsa ba da ƙarfen da ba a san ƙarfinsa ba, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Ranar da abin ya fashe a hannu, sai a ce tsautsayi. Mu mun ce sakaci ne, domin abin da ake iya aunawa ba a bar wa ƙaddara shi ba.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Ga hukumomin da ke saya wa ƴan sanda da jandarmomi da ma'aikatan duwan kayan aiki: a san matsin kowane rukunin harsashi, a tabbatar ya dace da bindigogin da ke ma'ajiya, kuma kada harsashin da aka kama a hannun ɓata-gari ya koma ƙugun ma'aikaci. Ga wanda doka ta ba izinin riƙe bindiga: ya duba littafin bindigarsa. In bai ga an rubuta +P ba, ya bar shi. In ya ga +P+, ko harsashin da ba a san asalinsa ba, ya nisance shi.

Ma'aikacin da ƙasa ta damƙa wa bindiga yana da haƙƙin ya san cewa in ya ja kunama, gaba abin zai tafi. Wannan haƙƙi kuwa yana wuyan waɗanda suka sa hannu kan takardar saye.