Titin Illela zuwa Badagry da abin da lissafin masana ba ya gani

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babban titin da zai tashi daga Illela ya dangana da Badagry a bakin teku, tsawon kilomita 1,068. Hujjar ba ta da wuyar fahimta: hanya tana sauƙaƙa ciniki, ciniki kuwa shi ke haifar da bunƙasa. Babu mai hankalin da zai ƙi titi. Sai dai mutumin Illela yana da dalilin ɗaga gira, domin ƙofar da titin zai fara daga bakinta sau biyu aka garƙame ta tsakanin 2019 da 2024.

Tunanin da ke bayan irin wannan aiki tsoho ne. Roy Harrod a 1939 da Evsey Domar a 1946 sun shimfiɗa ra'in da aka fassara daga baya da cewa saurin bunƙasar ƙasa ya rataya ne ga yawan jarin da take zubawa. Masu tsara raya ƙasa bayan samun 'yancin kai sun rungumi wannan fassara hannu bibbiyu, kuma kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970, yana nan tsaye yana ba da shaidar inda ta gaza.

Robert Solow ne ya gyara lissafin a 1956. Abin da ya nuna kowane ɗan kasuwar albasa ya san shi: tirela ta farko tana sauya rayuwar mai ita, ta biyu tana ƙara riba, ta biyar kuwa sau da yawa tana fake a tasha tana jiran lodi. Jari yana ƙaruwa, amfanin kowane ƙari yana raguwa. Da Solow ya auna tattalin arzikin Amurka daga 1909 zuwa 1949, sai ya tarar kashi ɗaya cikin takwas kacal na ƙaruwar abin da ma'aikaci ke samarwa a awa guda ne za a iya jingina wa ƙarin jari. Sauran bakwai ɗin ya sa musu suna ci gaban fasaha, amma a gaskiya ragowa ce da lissafi bai iya bayyanawa ba. Wani masanin, Moses Abramovitz, ya kira wannan ragowa ma'aunin jahilcin masana, kuma ya fi kusa da gaskiya.

To, mene ne ke cikin wannan ragowa a Illela? Wanda ya shiga kara ranar Lahadi zai gan shi da idonsa. Makiyayi ya koro shanu daga yankin Tawa, ya sauka wurin fatoman da mahaifinsa ya saba sauka. Dillali ya haɗa shi da mai saye daga kudu, ya karɓi la'adarsa, ya kuma tsaya a matsayin lamuni idan kuɗi ba su cika ba. Ɗan canji ya juya naira zuwa sefa ba tare da takarda ba. Babu kotun da ke tsaron wannan ciniki. Suna da mutunci ke tsaronsa, da harshe guda da ake yi daga Illela har Birnin Ƙonni. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsarin bashi da amana tun 1969 a nazarinsa kan fataken shanu da goro na Sabon Ibadan. A 2014 kuma Jenny Aker da abokan aikinta suka kwatanta farashin gero da wake a kasuwannin Najeriya da Nijar, suka gano cewa giɓin farashin da iyaka ke haddasawa yana raguwa inda mutanen ɓangarorin biyu ƙabila ɗaya ne. Ma'ana, zumunci yana yin aikin da a wasu ƙasashe sai banki da lauya da inshora.

Rufe iyaka ya zama tamkar gwaji, ko da yake ba wanda ya nemi iznin waɗanda aka yi gwajin a kansu. Na farko ya fara a Agustan 2019, ba a buɗe Illela ba sai 16 ga Disambar 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Na biyu ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ya kai har Maris na 2024. A duka lokutan biyu ba a rushe rumfa ko ɗaya ba, ba a ƙona mota ba, dillali bai manta sana'arsa ba. Jari yana nan, ƙwadago yana nan. Duk da haka tireloli suka yi layi, 'yan dako suka rasa na cefane. Cinikin bai mutu ba, daji ya shiga a kan babura, ya yi tsada, kuma bambancin kuɗin ya faɗa aljihun masu tare hanya, masu kaki da marasa kaki. Abin lura a nan: ra'in Solow na asali ya ƙaddara ƙasa ce rufaffiya wadda ba ta ciniki da waje, don haka gari irin Illela ba shi da gurbi a cikinsa tun farko.

Masu kare matakin 2019 suna da magana. Sun ce shinkafar waje tana kashe noman gida, kuma gaskiya ne masana'antun gyaran shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi a waɗannan shekaru. Amma mafi yawan shinkafar nan ta tashar Kwatano take sauka, yayin da ƙashin bayan cinikin Illela dabbobi ne da wake da albasa da hatsi da kayan masana'antun Najeriya da ke tafiya arewa. An hukunta mai tunkiya kan laifin mai buhun shinkafa, farashin abinci kuma ya ci gaba da hawa a faɗin ƙasa.

Dalili ɗaya da ke sa irin wannan hukunci ya yi sauƙi a Abuja shi ne asarar ba ta bayyana sosai a littafi. Ma'aunin GDP yana ƙirga abin da aka iya rubutawa ko ƙiyastawa, kuma babban kaso na cinikin iyaka ba ya ratsa teburin kwastan. Ma'aunin kansa yana motsi: a 2014, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar tushe daga 1990 zuwa 2010, tattalin arzikin Najeriya ya ƙaru da kusan kashi 89 cikin ɗari a dare ɗaya, ya kai kimanin dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu. Gyaran daidai ne, amma bai ƙara wa kowa mudun gero ba. Hukumar nan dai ce ta bayyana a 2022 cewa kusan mutum tara cikin goma a jihar Sakkwato suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, adadi mafi girma a ƙasar.

Saboda haka titin Badagry zai yi amfani gwargwadon tabbacin da fatake ke da shi cewa ƙofar za ta kasance a buɗe. Ɗan kasuwa ba zai gina rumbun adana albasa ko mayanka ta zamani a Illela ba matuƙar sanarwa ɗaya ta rediyo za ta iya raba shi da rabin kasuwarsa. Tabbacin ya ƙara rauni tun da Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, domin yanzu zirga-zirgar mutane da kaya ta dogara ne ga yardar gwamnatoci biyu da ke yawan zargin juna. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 mai hedikwata a Yamai. Ta hanyarta ya kamata a ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da za ta cire abinci da dabbobi daga kowane takunkumi nan gaba, ta kuma wajabta wa kowane ɓangare ba da wa'adi kafin ya rufe mashigar Illela da Ƙonni. Kuɗin wannan takarda ba zai kai na kilomita ɗaya na kankare ba.