Shimi tana tafasa a tukunya, yaranmu ba su shaida ta ba

Ɗiyata ta fari ta samu Bak D bara, ta shiga shekarar farko a sashen kimiyya na jami'a. Da ta zo hutu na ga ta rame, kullum tana ɗaki da wasu takardu biyu masu kauri. Ɗaya ta shimin ma'adinai ce, wato gishiri, ƙarfe, asid da danginsu. Ɗayar ta shimin karbon ce, wadda ta shafi mai, sukari, sabulu da abin da jikin mai rai ya ƙunsa. Na tambaye ta abin da ke damunta. Ta ce: "Baba, na haddace komai, amma da malam ya ɗan juya tambayar sai in rasa inda zan kama."

A daren nan uwarta na miyar yakuwa. Ta jefa guntun kanwa, miyar ta taso da kumfa. Na ce wa yarinyar ta gaya mini abin da ya faru a tukunyar. Shiru. Ba ta gane cewa tsamin yakuwa asid ne, kanwa baz ce, kumfar kuwa iskar CO2 ce da ke fita in karbonat ya gamu da asid ba. Darasin da take hadda tun koleji ne ke tafasa gabanta.

Ban ga laifinta ba. Laifinmu ne mu malamai, har da ni da ke firamare shekara ashirin ke nan tun fitowata daga Ekol Normal. Mun mayar da kimiyya shifta: mushe ya rubuta a tabulo, yara su kwafa a kaye, su haddace, su amayo ranar jarrabawa. Da wannan ana iya tsallake Bepese, wani lokaci har Bak. A jami'a kuwa asiri ke tonuwa.

Uzurinmu kullum ɗaya ne, babu labo. Gaskiya ne, babu. Amma in sai an gina labo za mu nuna wa yaro wani abu da idonsa, yaran da ke gabanmu yau za su haihu ba su gani ba. Ku samo ruwan zoɓo, ku raba shi kofi uku. Ku matsa lemun tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. Ku zuba ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya karkata wajen kore. Na uku ku bar shi don kwatanci. Abin da ake kira mai nuna pH ke nan, kuma duka kayan ba su kai dala hamsin ba.

Ita kanta iyakar da ke tsakanin takardun ɗiyata biyu, buhun taki ya isa ya bayyana ta. A da masana da yawa sun ɗauka abin da jikin mai rai ke haɗawa, hannun mutum ba zai iya haɗa shi daga ma'adini ba. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya dafa wani gishiri a labonsa ya samu ure, sinadarin da ke cikin fitsari. Wannan uren shi ne farin takin da manomanmu ke saye da damina. A jikin buhun an rubuta 46. Yara nawa suka san dalili? Nauyin ƙwayar ure 60 ne, azot biyun da ke cikinta 28, in ka raba ka samu kashi 46 da ƴan kai cikin ɗari. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23. Irin lissafin da ke kayar da ɗalibai a shekarar farko ke nan, alhali in aka faro shi daga gonar gero ɗan aji uku na koleji zai bi shi.

Kuma maganar ta wuce ta maki. Simintin Malbaza daga gasa dutsen farar ƙasa yake farawa. Matatar mai ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, tana raba esans da gazuwal da gas ne bisa zafin da kowanne ke tafasa. Wa zai riƙe waɗannan wurare in ƴaƴanmu na gudun shimi tun shekarar farko? A gida ma haka. Matan da ke haɗa sabulu da mai da soda ya kamata su san soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa kan soda ba. Mai wanke makewayi ya san haɗa ruwan jabel da asid na fitar da iskar klor mai ƙone huhu.

Wani abokin aikina ya ce mini manhaja na da tsawo, aji ya cika maƙil, jarrabawa kuma da Faransanci ake yin ta. Duk na yarda. Amma kofi ukun nan minti goma ne. Bayyana wa yaro abu da Hausa, sannan a ba shi sunansa na Faransanci, ba ya rage masa maki, kalmar ma sai ta fi zama tunda ta samu abin kamawa. Na kuma yarda zoɓo ba ya maye gurbin awon da ake yi ɗigo-ɗigo da kayan gilashi. Wannan haƙƙin hukuma ne, kuma ƙungiyoyin iyayen yara su riƙa tambayar labo kamar yadda suke tambayar tebura da alli.

Kafin ɗiyata ta koma, ita da kanta ta jera wa ƙannenta kofi ukun a tsakar gida. Autan ya tambaya ko ruwan toka ma zai sauya zoɓon kamar kanwa. Har ta buɗe baki za ta ba shi amsa, na ce ta dakata. Na aike shi murhu ya ɗebo tokar, ya jiƙa ta da kansa.